Wane Sashe Kyamara Ta Gani, Wane Sashe Na'ura Ta Ƙaga?

A safiyar 1 ga Yuli, 1916, wani mai ɗaukar hoto na rundunar Birtaniya, Geoffrey Malins, ya kafa kyamararsa a wata 'yar hanya mai kwari kusa da ƙauyen Beaumont-Hamel a Faransa. Sojojin wata bataliya suna tsugune a jikin gaɓar hanyar, suna jiran umarnin afka wa ramukan Jamusawa. Wasu na kallon kyamarar suna ɗan yaƙe, wani kuma tsoro ya fito ƙarara a fuskarsa. Jim kaɗan aka ba da umarni, kuma da yawansu ba su ga azahar ɗin ranar ba. A wannan yini guda, ranar farko ta gumurzun Somme, Birtaniya ta rasa sojoji sama da 19,000.

Abin da Malins ya ɗauka baƙi da fari ne, babu sauti, kuma da hannu ake juya kyamarar, shi ya sa mutanen cikin tsoffin fina-finai suke tafiya da sauri-sauri kamar an biyo su. Shekara ɗari da biyu bayan haka, a 2018, darakta Peter Jackson na ƙasar New Zealand ya fito da fim ɗinsa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, They Shall Not Grow Old, wanda ya gina a kan irin waɗannan tsoffin ɗauke-ɗauke da gidan tarihin yaƙi na Landan ya ba shi. Kwaskwarimar da aka yi musu ba ƙarama ba ce. Kyamarar hannu tana ɗaukar hoto goma sha wani abu a daƙiƙa, fim ɗin zamani kuwa 24 yake so, sai aka sa kwamfuta ta ƙago hotunan da za su cike gurbin. Aka zuba launi. Aka kira gwanayen karanta motsin leɓe suka tsinto abin da sojojin ke faɗa, aka nemo 'yan wasa masu karin harshen yankin da kowace bataliya ta fito suka furta shi. Ƙarar igwa, takun dawaki, cakwalkwalin taɓo, duk daga baya aka sa su.

Ke nan idan ka ga sojan nan ya juyo ya yi magana, fuskar tasa ce, amma jan kumatunsa zaɓin wani ne, muryar ta wani ce, kuma wani kaso na motsin da kake gani babu kyamarar da ta taɓa ɗaukarsa. Wasu masu kula da rumbunan fina-finai sun yi tir da aikin, suka ce an yi wa shaida fenti. Ni ban bi su ba, kuma dalilina shi ne tsarin fim ɗin kansa. Yana farawa ne da hoton asali, baƙi da fari, ɗan tsukuku a tsakiyar allo, kana kallonsa tsawon mintuna. Sai lokacin da sojojin suka isa fagen daga, a gaban idonka, hoton ya buɗe ya cika allo, launi ya shigo, sauti ya biyo. Can wajen ƙarshe ya sake komawa yadda yake. An nuna maka abin da aka tarar, an nuna maka lokacin da hannu ya shiga. Ba ka da hujjar cewa an yaudare ka.

Ra'ayina ke nan a kan duk wannan harka ta gauraya hoton gaske da na ƙirƙira, wadda ta mamaye fim da waƙa da zane tun da ƙirƙirarriyar basira, wato abin da kowa ke kira AI, ta shigo hannun kowa. Gaurayawar ba laifi ba ce. Ɓoye inda aka yi haɗin shi ne algus, kuma algus ɗin ya fi muni a wurin da mai kallo ya zo da zuciyar karɓar shaida.

Masu cewa a haramta haɗin gaba ɗaya sun makara da kusan shekara ɗari biyu. An bayyana wa duniya fasahar hoto a 1839, kuma shekara guda bayan haka wani Bafaranshe, Hippolyte Bayard, ya ɗauki kansa a matsayin gawar da ruwa ya ci, don haushin an fifita wani a kansa. A yaƙin nan dai na farko, a 1917, mai ɗaukar hoton rundunar Ostireliya, Frank Hurley, ya rinƙa ɗauko hayaƙin bom daga wannan hoto, jirage daga wancan, sojoji daga wani, ya haɗe su wuri guda, yana cewa hoto ɗaya ba ya iya ɗaukar tashin hankalin da idonsa ya gani. Marubucin tarihin rundunar, Charles Bean, ya ce atafau wannan jabu ne. Rigimar da muke yi yau ita ce tasu, kayan aiki ne kawai suka sauya. A nan Afirka ta Yamma ma, mai hoton nan na Gana, Philip Kwame Apagya, ya yi suna ne da labulen da aka zana wa firji cike da kaya, da talabijin, da matakalar jirgin sama. Mutum ya tsaya a gaba ya miƙa hannu kamar zai buɗe firjin. Babu wanda ya ɗauka firjin gaske ne, har shi mai tsayuwar. Haka muke kallon jarumin Indiya yana zuba Hausar Kano a fina-finan fassara, muna dariya, babu wanda ya taɓa zaton a Fagge ya girma.

Saboda haka ba ni da ja da mai fasahar da ya fito fili yana wasa da mafarki. Refik Anadol, haifaffen Turkiyya, ya ciyar da na'ura bayanan ayyukan da gidan zane na MoMA a New York ya tara, ta rinƙa amayo launuka masu narkewa a kan wani ƙaton allo daga ƙarshen 2022, jama'a na zama suna kallo. Ko ya burge ka ko bai burge ka ba, bai ce maka ga abin da ya faru ba. Malik Afegbua na Legas ya fitar da hotunan dattawa maza da mata suna taku a dandalin nuna tufafi, cikin shiga ta alfarma, furfura na sheƙi. Babu ɗaya daga cikin dattawan da ya taɓa rayuwa, kuma bai ɓoye ba. Ya yi ne don ya tambayi duniya me ya sa ba ta ganin kyau a jikin tsoho, kuma tambayar ta isa inda ya aike ta. Mai tatsuniya da ya fara da “ga ta nan, ga ta nanku” ya riga ya sallami kansa, kome gizo ya yi bayan nan ba a kama shi da ƙarya.

Matsalar tana farawa ne inda aka ce maka labari ne, ba tatsuniya ba. A 2021 darakta Morgan Neville ya fitar da fim a kan rayuwar Anthony Bourdain, shahararren mai dafa abinci kuma mai shirin yawon duniya a talabijin, wanda ya rasu a 2018. A wurare uku, abin da bai kai minti guda ba gaba ɗaya, an ji muryar Bourdain tana karanta kalaman da ya rubuta amma bai taɓa furtawa a gaban makirfo ba, ciki har da wasiƙar da ya aika wa abokinsa yana kukan halin da yake ciki. Na'ura ce aka horar da tsoffin muryoyinsa ta yi karatun. Ba a gaya wa mai kallo ba. A hira da 'yan jarida daraktan ya faɗa, kamar abin alfahari. Da ya ce iyalan mamacin sun amince, matar Bourdain ta fito ta ce ita dai ba da ita aka yi ba.

Masu kare shi suna cewa ai kalaman nasa ne. Haka ne, amma duk wanda ya taɓa karɓar saƙon rasuwa ta waya ya san cewa rabin magana a murya take. Inda mutum ya ja numfashi, inda ya yi sanyi, inda ya haɗiye kalma, nan ne muke auna abin da ke ransa. Wasiƙar mutumin da daga baya ya kashe kansa, a karanta ta da murya mai rauni ko a karanta ta da murya mai gatse, mutum biyu ne daban. Wani ne ya zaɓa masa, sannan ya bar mu muna zaton mun ji daga bakinsa. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a daƙiƙun nan ba, domin da zarar ka san akwai uku na bogi kuma ba ka san ko waɗanne ne ba, duk sauran muryar da ke fim ɗin ta shiga zargi.

Malaman hadisi sun san wannan cuta tun da daɗewa. (Ba ina ɗora fim a sikeli ɗaya da hadisi ba ne, hanyar aikin nake nufi.) Akwai abin da suke kira mudraji: mai ruwaya ya kawo matani, sai ya ƙara 'yar maganarsa don bayani, na bayansa ya haɗe su ya ruwaito kamar duk magana ɗaya ce. Sau da yawa ƙarin ba ƙarya ba ne, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Duk da haka ba su ƙyale ba. Sun bi ruwayoyi ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa, har su ce daga nan zuwa nan asali ne, daga nan kuma maganar wane ce. Alhaɗibul Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, littafi sukutum ya yi a kan wannan kaɗai. Ba su jefar da bayanin mai ruwaya ba, sun dai ƙi yarda ya sa rigar da ba tasa ba. Wannan ladabin nake nema daga mai haɗa hoto.

Kuma ana iyawa. A 2020 an yi wani fim a kan mutanen da hukumomin Checheniya ke kamawa suna azabtarwa bisa zargin luwaɗi. Nuna fuskokinsu daidai yake da miƙa su ga masu farautarsu, rufe fuskokin da duhu kuma yana kashe fim. Sai darakta David France ya samo 'yan sa-kai suka ba da aron fuskokinsu, na'ura ta ɗora a kan na ainihi, motsin ido da na baki suka zauna yadda suke. An faɗa tun a farkon fim ɗin, sannan aka bar wani ɗan hazo-hazo a gefen kowace fuskar aro da gangan, yadda ko a tsakiya ka shigo za ka lura. Fasahar da aka yi wa Bourdain ita ce a nan, 'yar'uwarta ce ta jini. Bambancin shi ne masu fuskar sun yarda, masu aron sun yarda, mai kallo ya sani.

Wannan hazon ya fi mini duk wata doka da aka rubuta zuwa yanzu, ga kuma dalili. Tarayyar Turai ta kafa dokarta ta ƙirƙirarriyar basira a 2024, wadda ta wajabta bayyana hoto ko bidiyon da aka ƙaga, tare da sassauci ga ayyukan fasaha. YouTube ya fara neman masu ɗora bidiyo su yi shela idan sun sauya abin da ke kama da gaske. Adobe da BBC da Microsoft da wasu sun haɗu tun 2021 a kan wani tsari na liƙa wa hoto tarihinsa a cikin fayil, har kamfanin Leica ya fitar da kyamara mai yin haka a 2023. Duk madalla. Amma mu nan ta ina bidiyo ke iso mana? Wani ya yanko daƙiƙa talatin daga fim, wani ya ɗauki hoton allon wayarsa, wani ya ɗora waƙa a kai, ya bi ta WhatsApp sau bakwai kafin ya iso wayar gwaggo a ƙauye. Rubutun gargaɗin da ke ƙarshen fim bai biyo shi ba, bayanin da ke cikin fayil ya daɗe da zubewa a hanya. Abin da ke cikin hoton kansa ne kawai yake isowa. Alamar da kamfani ke maƙalawa ma ba abin dogaro ba ce: a 2024 Meta, mai Facebook da Instagram, ta rinƙa buga wa hotunan gaske tambarin cewa na'ura ce ta yi su don kawai an ɗan goge wani abu, sai da masu hoto suka yi ca sannan ta sauya lafazin.

Akwai masu cewa idan manufa mai kyau ce, a bar hoton ƙirƙira ya yi aikinsa. Ƙungiyar Amnesty ta gwada haka a 2023, ta fitar da hotunan na'ura don tuna zanga-zangar Kolombiya ta 2021, da hujjar kare masu zanga-zangar daga ganewa. Ta ma rubuta a ƙasa cewa na'ura ce. Amma launukan tutar ƙasar sun fito a birkice, 'yan jaridar da suka sha barkonon tsohuwa wajen ɗauko na gaske suka fusata, dole ta janye. Sai kuma hoton na'urar nan na Rafah ta Gaza na watan Mayun 2024, wanda da yawanmu muka yaɗa: tantuna a jere reras har iyakar gani, duwatsu masu ƙanƙara a baya, babu jini, babu ƙura, babu mutum ko ɗaya. An tura shi sama da sau miliyan 40 a Instagram cikin 'yan kwanaki. Na fahimci masu tura shi, kuma na san tsabtarsa ce ta sa ya tsallake shingen da ke danne hotuna masu tayar da hankali. Amma a daidai lokacin, 'yan Gaza suna mutuwa da kyamara a hannu don su nuna yadda wurin yake. Hoton da duniya ta fi gani na Rafah ba Rafah ba ne, kuma wanda ke son musanta abin da ya faru an ba shi sanda.

Wannan sandar mun san ta. Ba a buƙaci wata na'ura ba kafin jita-jitar cewa ya rasu an maye gurbinsa da wani Jibrin na Sudan ta kai marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ga tsayawa a ƙasar Folan a Disamban 2018 yana rantsuwar cewa shi ne shi. A Gabon, bidiyon gaisuwar sabuwar shekara na Ali Bongo, bayan ciwon shanyewar jiki, ya jawo ce-ce-ku-ce cewa haɗi ne, mako guda bayan haka wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. A 2025 kuma bidiyoyin manyan mawaƙan Amurka suna rera yabon Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso suka cika wayoyi daga Yamai har Kano, alhali ba su rera ba. Mutanen da suka saba ganin ƙarya mai kama da gaskiya, ranar da gaskiya ta zo sai su ce ai haɗi ne.

Inda abin ya fi taɓa mu, a ganina, shi ne tarihi. Bature yana da abin da zai gwada. Idan wani ya ƙago hoton yaƙin Somme, akwai na Malins a ajiye, akwai masana da za su ce maɓallin rigar nan ba na shekarar ba ne. Mu fa? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a san hoto, amma ga “hotonsa” nan yana yawo, yanzu ma har da mai motsi da ƙifta ido. Sarauniya Amina ta Zazzau ta samu fuskoki sun fi a ƙirga. Ka dubi irin waɗannan hotuna da kyau: rawanin na Indiya ne ko na Larabawan sahara, ba naɗin Hausa ba, ginin da ke baya mai ƙofofin Maroko ne, babu zanko, babu azara, doki babu jalala, dogari babu ja da kore. Na'urar ba mugunta take yi ba, abin da aka ciyar da ita take amayarwa, kuma namu kaɗan ne a cikin abincin. Yaron da ke aji uku a sakandare, wanda bai taɓa shiga Gidan Makama ba, wannan ne zai zauna masa a ka a matsayin Kano ta dā. Inda hoton gaske ya yi ƙaranci, na ƙirƙira ba ado yake zama ba, gurbin tarihin yake cinyewa. A zana Shehu ko kada a zana, wannan muhawara ce ta malamai. Ni abin da na tsaya a kai shi ne duk wanda zai kwatanta zamanin da babu kyamara, ya bar aikinsa ya yi kama da zane, kada ya sa masa dishi-dishin tsohon hoto don a ɗauka daga rumbu aka zaƙulo shi.

Sai batun matattu na kusa. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamban 2014, ya bar muryarsa da fuskarsa a fina-finai masu ɗimbin yawa, wato duk abin da na'ura ke buƙata. Ba wuya a sa shi ya tallata maganin basir, ko ya yi wa ɗan takara kamfe, ko ya faɗi abin da da yana raye ba zai faɗa ba. Wa za a tambaya? 'Yan wasan Amurka sun yi yajin aikin kwana 118 a 2023, kuma cikin abin da suka samo akwai cewa ba a ƙera kwafin ɗan wasa sai da izininsa da biyansa, idan ya mutu kuma sai da izinin magadansa. A Kannywood, inda aiki da yawa ke tafiya a kan amana da “sai mun yi waya”, ya kamata ƙungiyoyin 'yan fim su zauna su rubuta wannan tun kafin rigimar farko ta kai gaban alƙali. Ba na so a bar wa hukumar tace fina-finai ita kaɗai, domin aikinta duba abin da aka nuna ne, wannan kuwa magana ce ta haƙƙin mai fuska da na 'ya'yansa.

Na san abin da matashin edita a Zoo Road ta Kano zai ce mini, kuma yana da gaskiya. Yana son ya yi ɗan fim a kan hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. An ɗauki taron, hotunan suna nan, amma mafi yawan masu kyau suna hannun kamfanoni da rumbunan Birtaniya, kuma lasisin amfani da su da kuɗin waje ake biya. Na'ura kuwa za ta ba shi dawaki dubu da 'yan lifida kafin shayinsa ya huce, a kuɗin data. Ba zan ce masa kada ya taɓa ta ba. Zan ce ya nemi daƙiƙa goman gaske ko da dishi-dishi ne, ya sa su yadda suke, sannan ya bar nasa ƙarin ya fito da wani launi ko wani salo da kowa zai gane. Sauran nauyin ba nasa ba ne. Kaset-kaset na gidajen talabijin ɗinmu na shekarun 1970 da 1980, da faifan rediyo, da hotunan da ke Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, su ne abin gwajin da za mu bar wa na baya, kuma kaset ba ya jiran kasafin kuɗi, zafi da ƙura cin sa suke yi. Gwamnonin da ke da kuɗin kafa allunan talla a kowane shatale-tale suna da kuɗin mayar da waɗannan zuwa kwamfuta, a buɗe su kyauta ga ɗalibai da masu shirya fim.